DARASI: YADDA AKE HAƊA ƘWAN LED MAI ƘARFI DA BATIR BA TARE DA YA ƘONE BA

An gama girbi, hatsi ya shiga rumbu, an koma aikin garka. Dare ya yi tsawo. Yanzu ne lokacin karatu da dare, lokacin taron koperatif, lokacin da mata ke ɓarar gujiya bayan isha'i. Duk waɗannan suna son haske.

A yau, ƙauyuka da yawa suna da panno, wato farantin nan mai kama hasken rana, da batir na bolt 12. Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1965 aka buɗa ofishin binciken ƙarfin rana a Yamai, ONERSOL, kuma Malam Abdou Moumouni, haifaffen Tasawa, ya daɗe yana shugabancinsa. Amma a wancan zamani panno abu ne na gwamnati da masu bincike. Yanzu ana saye a kasuwa kamar yadda ake sayen kwano.

Darasinmu na yau a kan ƙwan fitila ne da ake kira led, mai ƙarfi, wanda ake sayarwa tsirara, ba shi da gida. Ku karanta a hankali. Akwai lissafi a ciki. Ku ɗauko alli ko fensir.

ABIN DA YA FARU A RUMFAR KARATU

Bara da bazara, a wani ƙauye cikin waɗanda nake zagayawa, ƴan yaƙi da jahilci sun haɗa kuɗi don a sa musu fitila a rumfa. Suna da batir, suna da panno. Suka aiki wani saurayi kasuwa. Ya sayo ƙwan led na wat 10, mai kusurwa huɗu, faɗinsa bai kai kwalin ashana ba, tsakiyarsa rawaya. Mai sayarwa ya ce masa: "Na bolt 12 ne." Saurayi ya ɗaura waya biyu, ya kai su kan batir kai tsaye, ya rataye ƙwan da zare a jikin azara.

Da aka kunna, haske ya cika rumfa har waje. Yara suka yi ta tafi. Ba a gama rubuta kwanan wata a allo ba, hasken ya fara komawa shuɗi-shuɗi, ya dushe, aka ji warin ƙuna. Ƙwai ya mutu. Suka sake sayen wani, shi ma haka.

Da na zo, na tarar an ɗora laifi a kan mai sayarwa, wasu kuma suna cewa yaron ya ci kuɗin ya sayo jabu. Har mahaifinsa ya daina zuwa karatu don kunya. Ƙwan ba jabu ba ne. Yaron bai ci ko dala ba. Haɗin ne ba daidai ba. Ni ma da na fara taɓa waɗannan ƙwai na ƙona uku a rana ɗaya, alhali na koyi lissafin wuta a lise.

MENE NE LED?

Tsohon ampul da muka sani yana da siririn zare na ƙarfe a cikin kwalba. Wuta ta bi zaren, ya yi ja, ya yi fari, ya ba da haske. Mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama. Led ba shi da zare. Wani ɗan ƙanƙanen dutse ne da aka sarrafa a masana'anta, bai kai ƙwayar gero ba. In wuta ta ratsa shi ta hanyar da ta dace, sai ya yi haske. In aka juya wayoyin ba ya kamawa.

Led mai jan haske ya fito a Amurka a 1962. An daɗe ana neman mai shuɗin haske. Wasu masana uku ƴan Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su ne suka cim masa, har aka ba su kyautar Nobel a 2014. Farin led da muke saye, shuɗi ne aka shafa masa wani sinadari rawaya a bisa. Shuɗi da rawaya suka haɗu suka ba da fari. Shi ya sa kuke ganin fuskarsa rawaya in yana kashe.

Da wuta kaɗan yake ba da haske mai yawa. Hasken da tsohon ampul na wat 60 yake bayarwa, led na wat 8 zuwa 10 yana bayar da shi. Ga mai batir ɗaya tak, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

KALMOMI UKU

Ku dubi shaton ruwa na ƙauye. Ruwa yana bisa, tiyo yana kawo shi ƙasa. In shato ya yi tsawo, ruwa yana fita da ƙarfi. Wannan ƙarfin turi, a wajen wuta, shi ake aunawa da BOLT. Yawan ruwan da ke gudu cikin tiyo kuwa, shi ne kamar AMPERA. Ampera ɗaya an raba ta kashi 1000, kowane kashi ana ce masa miliampera, ana rubuta mA. To, 350 mA daidai yake da ampera 0,35. In aka ninka bolt da ampera sai a samu WAT, wato yawan aikin da wutar ke yi.

Ƙwan led fari na wat 1 yana son wuta 350 mA. In wannan wuta tana ratsa shi, zai riƙe wajen bolt 3,2. Na wat 3 yana ɗaukar har 700 mA. Na wat 10 irin na rumfar nan, ƙananan led 9 ne a cikinsa, an jera su uku-uku; yana son wajen 900 mA, yana riƙe bolt 9 zuwa 11.

Ku lura da wannan ƙwarai: abin da led yake so a tsare masa shi ne ampera. Batir kuwa bolt yake bayarwa, bai san yawan amperar da ƙwai ke iya ɗauka ba. Ko nawa aka ja, zai bayar.

ME YA SA YAKE ƘONEWA?

Tsohon ampul yana da hankalin kansa. In zarensa ya yi zafi, sai ya ƙara tare wa wuta hanya. Yana ci, yana ƙoshi, yana tsayawa. Led kuwa halin akuya gare shi. Kun san akuya in ta samu rumbu a buɗe: ba ta san ƙoshi ba, sai ta ci hatsi har ciki ya kumbura, da safe a tarar da ita kwance. Ba wanda zai ce hatsi guba ne. Rashin mai tsaro ne ya kashe ta.

Ga yadda abin yake. In aka ba ƙwan wat 1 bolt 2,5, da ƙyar zai yi haske. A bolt 3,2 yana cin abin da ya dace. In aka ƙara masa rabin bolt kawai, wutar da zai ja tana iya ninkawa biyu ko fiye. Ƙari kaɗan a bolt, ƙari mai yawa a ampera.

Abu na biyu ya fi wannan muni. In led ya yi zafi, bolt ɗin da yake riƙewa yana raguwa kaɗan. Batir bai rage nasa ba. Sai ƙwan ya ƙara jan wuta. Ƙarin wuta ya kawo ƙarin zafi, ƙarin zafi ya kawo ƙarin wuta. Haka za su yi ta tura juna har ƙwan ya ƙone. Abin da ya faru a rumfa ke nan.

Abu na uku: batir da muke ce wa na bolt 12, ba kullum yake kan 12 ba. In ya cika ya huta, yana wajen 12,6. In ya kai rabi, yana wajen 12,2. Da rana tsaka, in panno yana cika shi, yana hawa har 14,4. Wanda ya gwada ƙwansa da dare ya ga lafiya, ranar da yaro ya manta bai kashe ba, rana ta fito, ƙwan zai gamu da 14,4.

Panno kansa ya fi haka. Wanda aka rubuta wa bolt 12, in ba a haɗa shi da komi ba, yana kai bolt 21 ko 22 a cikin rana. Kada ku taɓa haɗa led da panno kai tsaye. Panno ya shiga regilatar, regilatar ya shiga batir. Fitila kuma a ɗauke ta daga bakin regilatar inda aka zana hoton ampul, don shi ne zai yanke wuta in batir ya kusa ƙarewa. Amma ku sani, wannan baki bolt ɗin batir yake fitarwa. Ba ya tsare ampera. Dole a sa mai tsaro tsakaninsa da ƙwai.

HANYA TA FARKO: REZISTANS

Rezistans ƙaramar aba ce mai ƙafa biyu. Aikinta matse hanya, kamar yadda mai ban ruwa yake rage bakin kwalbati da laka don kada ruwa ya kwashe shuka. Ana auna matsinta da OM. Om mai yawa, matsi mai yawa, wuta kaɗan. Masu gyaran rediyo da talabijin duk suna da ita.

Za mu haɗa ƙwai uku na wat 1 a layi ɗaya. Kowane ƙwai yana da gefe mai alamar + da gefe mai alamar −. Jar waya ta fito daga + na batir, ta shiga rezistans. Daga rezistans a shiga + na ƙwai na farko. Daga − na ƙwai na farko a shiga + na na biyu. Daga − na na biyu a shiga + na na uku. Daga − na na uku, baƙar waya ta koma − na batir. Kamar raƙuma a ayari, kan wannan a bayan wancan. Wuta ɗaya ce take ratsa su duka.

Yanzu lissafi. Kullum ana lissafi da bolt mafi yawa da batir ke iya kaiwa, wato 14,4.

Ƙwai uku suna riƙe: 3,2 × 3 = 9,6.
Abin da ya saura: 14,4 − 9,6 = 4,8.
Wannan saura ita ce rezistans za ta shanye. A raba ta da amperar da muke so: 4,8 ÷ 0,35 = 13,7.

Muna son om 13,7 ke nan. Ba a cika samun irin wannan ba. Ana samun om 12 da om 15. A ɗauki ta bisa, om 15. Kullum ta bisa ake ɗauka. Da ita wuta za ta zama 4,8 ÷ 15 = 0,32, wato 320 mA. Ya yi daidai, bai kai iyaka ba.

Ba mu gama ba. Bolt ɗin da rezistans ta shanye zafi yake zama a jikinta. Yawan zafin: 4,8 × 0,32 = wat 1,5. To, a nemi rezistans mai iya ɗaukar ninki biyu ko fiye. Ta wat 5 ta fi sauƙin samu: fara ce, mai kusurwa huɗu, kamar guntun alli, an rubuta 5W da 15 a jikinta. Ƙananan nan masu zobba kala-kala, mafi yawansu rubu'in wat suke ɗauka. In kuka sa irinsu za su yi baƙi su ƙone, ko da om ɗin ya yi daidai.

Wani zai tambaya: me ya sa uku? Me ya sa ba ɗaya ba, tunda ɗaki ƙarami ne? Mu gwada. Ƙwai ɗaya yana riƙe 3,2. Saura 11,2. A raba da 0,35, ya ba da 32. A sa om 33. Zai yi aiki. Amma rezistans za ta riƙa zubar da kusan wat 4 a zafi, ƙwai yana amfani da wat 1. Kuma abin da batir zai bayar ɗaya ne da na ƙwai uku. Kamar mutum ya ɗebo guga huɗu, ya zubar da uku a bakin rijiya. Gara a sa ukun, a samu haske ninki uku a kan wuta ɗaya.

To, huɗu fa? 3,2 × 4 = 12,8. Ya wuce abin da batir ke da shi da dare. Hasken zai zama kamar na aci-balbal, kuma babu saurar da rezistans za ta yi tsaro da ita. A batir na bolt 12, uku ne iyaka.

Sai in faɗa muku aibin wannan hanya, don kada ku ce na ɓoye. Da dare, batir yana 12,6. Saura ta zama 3. A raba da 15, ya ba da wajen 200 mA. In dare ya yi nisa batir ya sauka 12, wuta ta koma wajen 160 mA. Haske yana raguwa a hankali. Ƙwan ba ya ba da duk ƙarfinsa. Ni dai a ganina wannan ba asara ba ce ga ɗakin kwana ko zaure: ƙwai da ba a matsa masa ba yana yin sanyi, yana daɗewa, batir ma yana hutawa. Waɗansu suna rage om don su samu ƙarin haske da dare, su ce ai ba sa kunnawa da rana. Su ba sa kunnawa. Yara fa?

IN ANA SON ƘWAI DA YAWA

Rumfar karatu tana son fiye da ƙwai uku. Sai a yi layi biyu ko uku, kowane layi ƙwai uku, kowane layi DA TASA REZISTANS. Duk layukan su ɗauko daga jar waya ɗaya, su koma baƙar waya ɗaya.

Kada a yi rowar rezistans a ce ɗaya ta isa layi biyu. Ƙwai biyu, ko daga kwali ɗaya suka fito, ba su zama daidai cif. Layi ɗaya zai fi ɗaya ci. Mai cin zai fi zafi, ya ƙara ci, ya mutu. In ya mutu, rabonsa ya koma kan ɗan uwansa, shi ma ya bi shi.

Akwai led da ake sayarwa kamar ɗamara, a naɗe, mai manne a baya, an rubuta 12V. Wannan an riga an sa masa ƙananan rezistans a jiki, kowane ƙwai uku da tasu. Ana iya haɗa shi da batir, ana yanka shi a inda aka yi alamar almakashi. Haka ma ampul na led da aka yi wa gida aka rubuta DC 12V, mai tsaronsa yana ciki. Darasinmu a kan ƙwai tsirara ne.

HANYA TA BIYU: LM317

Wanda ya iya riƙe ƙarfen liƙi da dalma yana iya yin abin da ya fi rezistans. Akwai wani ɗan baƙin abu mai ƙafa uku, an rubuta LM317 a fuskarsa. In kun riƙe shi rubutu yana kallonku, ƙafafu suna ƙasa: ta dama ita ce mashiga, ta tsakiya mafita, ta hagu ta daidaitawa. Jar waya ta shiga ƙafar dama. A ɗaura rezistans tsakanin ta tsakiya da ta hagu. Daga ta hagu a tafi + na ƙwai.

Shi kullum yana riƙe bolt 1,25 a kan wannan rezistans. Don haka lissafin gajere ne: 1,25 ÷ 0,35 = 3,6. Da om 3,6 za a samu 350 mA, da om 3,9 za a samu 320 mA, ko batir ya hau ko ya sauka. Rezistans ta wat 1 ta isa.

Yana da nasa sharaɗi. Yana son batir ya fi ƙwai da wajen bolt 3. Da ƙwai uku, 9,6 da 3 sun kai 12,6. In batir ya sauka ƙasa da haka haske zai ragu, amma ba abin da zai ƙone. Da ƙwai biyu haske ba ya canzawa har gari ya waye, sai dai zafin da ake zubarwa ya fi yawa. Kuma shi kansa yana zafi, sai an ɗaura shi a kan guntun alminiyam nasa shi kaɗai. Ƙarfen bayansa yana ɗauke da wuta, kada ya taɓa wata waya.

HANYA TA UKU: DIREBA

Ga ƙwan wat 3 da na wat 10, ban ba ku shawarar rezistans ba. Zafin da za ta zubar ya yi yawa, kuma haske zai riƙa hawa da sauka ƙwarai. A nan sai a sayi abin da masu gyara ke kira direba. Ƙaramin allo ne mai waya huɗu, biyu na shiga, biyu na fita. Yana yanka wuta yana haɗawa sau dubbai a cikin daƙiƙa ɗaya, yana auna abin da ƙwai ke ci. Ba ya zubar da wuta da yawa: cikin kashi 10, wajen 8 ko 9 suna isa ga ƙwai.

Kafin ku biya kuɗi, ku karanta abin da aka rubuta a jikinsa. Ai don irin wannan rana aka koyi karatu. A gefen shiga, ku nemi DC 12V, ko DC 12-24V. A gefen fita, ku nemi mA: 300 ko 350 don ƙwan wat 1, 600 ko 700 don na wat 3, 900 don na wat 10. In babu mA tsayayye a rubuce, sai 12V kawai a gefen fita, wannan ba direba ba ne. Bolt yake bayarwa kamar batir, zai ƙona muku ƙwai.

In kun ga AC 220V, ko AC 85-265V, wannan na wutar NIGELEC ne. Ba ya aiki da batir. Wutar gari kuwa tana kisa. Wanda bai koyi aikinta ba kada ya taɓa.

A fara haɗa ƙwai da direba, sannan a ba direba wuta. Kada a cire ƙwai ko a mayar da shi direba yana kunne. Makunni ya zauna a gefen batir.

ZAFI

Ko an tsare ampera daidai, led mai ƙarfi yana mutuwa in ba a kwashe masa zafi ba. Mutane suna cewa led ba ya zafi, don sun sa hannu a gabansa ba su ji komi ba. Zafinsa ta baya yake fita. Fiye da rabin wutar da yake ci zafi take zama, kuma duk a wuri ɗan mitsitsi take taruwa. Ɗan farantin da yake zuwa da shi, mai kama da tauraro, bai isa ba. Na rumfar nan da aka rataye da zare, ko da direba aka sa masa, da bai kwana ba.

A nemi alminiyam, irin ƙarfen da ake zuba tukwane da shi. Wanda ya fi kyau shi ne mai haƙora kamar mataji, ana cire shi daga matacciyar rediyo babba ko tsohuwar kwamfuta. In babu, marfin tukunya mai kauri yana yi. Ni ga ƙwai uku na wat 1 nakan sa faranti mai santimeta 10 kowane gefe. Ga na wat 10, sai mai haƙora, wanda ya cika tafin hannu. A goge wurin ya yi sumul. A shafa farin man nan da masu gyara ke sa wa a bayan kayan rediyo, kaɗan kawai. A ɗaure da kusa mai murɗi, ya manne sosai. Tol da baƙin ƙarfe ba su kai alminiyam jan zafi ba. Katako da roba kuwa riƙe zafi suke yi.

Ga gwaji. A kunna, a bari rabin awa, a ɗora yatsa a kan alminiyam kusa da ƙwai. In kuna iya barin yatsa ku ƙirga goma, lafiya. In ba ku iyawa, a ƙara faɗin ƙarfe ko a rage wuta. A yi wannan gwaji da bazara. Abin da ya wuce lafiya a watan Janairu yana iya faɗuwa a Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40 a inuwa, balle ƙarƙashin rufin tol. A bar tazara tsakanin fitila da rufi don iska ta wuce. Ƙurar hunturu tana toshe haƙoran ƙarfe, a riƙa kakkaɓewa.

Kada ku ƙura wa ƙwan ido yana kunne, kuma ku hana yara. In an rufe shi da farar roba mai hazo, nesa kaɗan da ƙwan, haske yana bazuwa, ya fi daɗin karatu.

Masu kiwon kaji, ga taku. Kaza mai ƙwai tana son haske awa 14 zuwa 16 a yini, kuma haske kaɗan ya ishe ta. Layi ɗaya na ƙwai uku yana yi wa ƙaramin akurki. Amma led ba ya ɗumama ƴan tsaki kamar tsohon ampul. Wanda ya dogara da shi cikin sanyi zai yi asara.

FIZIBIL

Wannan shi ne abin da aka fi mantawa, kuma shi ne ya fi ba ni tsoro. Bolt 12 ba ya jan mutum. Amma in jar waya da baƙa suka haɗu tsirara, batir yana iya tura ampera ɗari ko fiye a take. Waya ta yi ja, robarta ta narke, ta kama. Rumfunanmu na kara ne, rumbu yana kusa, iskar hunturu tana kaɗawa. Ƙwai in ya ƙone ana sayen wani. Hatsin shekara fa?

A sa fizibil a kan jar waya, dab da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya daga kansa. Irin na mota ko na moto yana yi. Ga layi ɗaya, na ampera 1. Ga layi uku, na ampera 2. In ya tsinke, akwai dalili. A nemi dalilin kafin a sa wani. Kada a maye gurbinsa da guntun waya ko takardar kwalin taba.

Duk inda aka haɗa waya biyu, a liƙe da dalma ko a murɗe sosai, a naɗe da salatif. Kada waya ta bi ta cikin ciyawar rufi, kada ta bi inda ɓera ko akuya za su ci. In nisa ya wuce mita 5, a sa waya mai kauri.

Batir mai ruwa yana fitar da iska mai kama wuta in ana cika shi. A ajiye shi inda iska ke wucewa, nesa da murhu da mai shan taba. Ruwansa yana cin tufafi da fata. In ya taɓa ido a wanke da ruwa mai yawa, a tafi likita. Mataccen batir kuma kada a bar wa yara, dalmar cikinsa guba ce.

DARE NAWA BATIR ZAI YI?

A jikin batir an rubuta Ah. Ƙaramin nan baƙi yana da 7 Ah. Ana ninka ampera da awa. Layi ɗaya, mu ce 0,3 don sauƙin lissafi, awa 4 kowane dare: 0,3 × 4 = 1,2 Ah. Layi uku: 3,6 Ah. Batir irin na dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, in ana son ya daɗe. Rabin 7 shi ne 3,5. To, ƙaramin batir yana riƙe rumfa mai layi uku dare ɗaya, in panno ya cika shi kowace rana. In hazo ya rufe rana kwana biyu, sai a kashe layi ɗaya ko a tashi karatu da wuri. A rumfar da na ba ku labari, layi uku muka yi, kowane da makunninsa. Yaron nan da aka zarga shi ya yi liƙin da hannunsa.

AIKIN AJI

Ku yi waɗannan a allo tare da malaminku.

1. Mutum yana da ƙwai biyu na wat 1, yana son ya haɗa su a layi ɗaya. Bolt nawa za su riƙe? Nawa zai saura daga 14,4? A kasuwa akwai om 22 da om 27. Wace zai saya? Wat nawa za ta zubar?

2. Koperatif tana da batir na 40 Ah. Tana kunna layi 4, kowane yana cin 0,3, awa 5 kowane dare. Dare nawa za a yi kafin a sha rabin batir?

3. An rubuta a jikin wani direba: shiga AC 220V, fita 300 mA. Za a iya haɗa shi da batir?

Ku rubuta amsa a takarda, da sunan ƙauyenku, ku ba malamin gona in ya zo zagaye, ko ku aiko gidan rediyo. Za mu karanta amsoshin a shirin manoma, kuma za su fito a takarda ta gaba.